Kwalayen Ɗakin Ciki Ba Za Su Je Legas Ba

Ɗana, jiya muna rufe shago ka yi mini tambaya ban amsa ba, saboda an kira magariba, kuma ba magana ce ta tsaye ba. Ka ce, "Maigida, tunda ana taron kwamik, wato littattafan labarin zane, a Legas, me zai hana mu kwashi kwalayen tsofaffin kwamik na ɗakin ciki mu je mu kama tebur? Na gani a waya an sayar da littafi ɗaya dala miliyan 6." Na kwana da maganar a raina. Tambayar mai son sana'a ce, don haka zan ba ka amsa mai tsawo.

Abin da ka gani a waya gaskiya ne. Littafin sunansa Action Comics, fitowa ta 1, wanda aka buga a Amurka a 1938, a cikinsa Superman ya fara bayyana. A lokacin senti 10 ake sayar da shi. A watan Afrilun 2024 aka yi gwanjon kwafi ɗaya ya kai dala miliyan 6. Amma ka tambayi kanka me ya ba shi wannan daraja. Yara ne suka saye shi, suka karanta, suka naɗe a aljihu, iyaye suka share suka zubar. Da yaƙin duniya na biyu ya zo aka riƙa tattara tsofaffin takardu gida-gida ana sake narka su. Daga dubbai masu yawa da aka buga, waɗanda suka tsira ana ƙiyasta su da kusan ɗari. Rashi ne ya ba shi tsada. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Yanzu buɗe kwalayenmu ka duba shekarun da ke jiki. Yawancinsu na 1990 zuwa 1995 ne, kuma akwai dalili. A waɗannan shekarun labarin tsadar tsofaffin kwamik ya bazu a Amurka, sai kowa ya ɗauka hanyar arziki ce. Kamfanoni suka ga haka suka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa. X-Men fitowa ta 1 ta 1991 kaɗai an buga fiye da kwafi miliyan 8. A 1992 aka fitar da labarin mutuwar Superman, mutane suka yi layi, mai sayen biyar, mai sayen goma, kowa ya sa a leda ya ɓoye bai ko buɗe ba. To abin da kowa ya ɓoye, wa zai saya a hannun wa? Kasuwar ta faɗi, shaguna da yawa suka rufe, a ƙarshen 1996 kamfanin Marvel mai buga X-Men da kansa ya je kotu ya ce bashi ya fi ƙarfinsa. Ragowar wannan kwantai ne ake haɗawa da littattafan gwanjo a loda a kwantena, su sauka a Legas, mu saro su a kilo. Suna da daɗin karatu, zanensu yana da kyau, ina son su. Amma masu tarawa ba sa neman su, kuma ba na so ka gina buri a kansu.

Shi taron da kake magana, ya kamata ka san asalinsa. Mafi suna shi ne na birnin San Diego a Amurka, wanda ya fara a 1970 a ƙasan wani otal, da mutane kusan 300. Dillalan tsofaffin littattafai ne ginshiƙinsa. Mutum yana da fitowa ta 12 da ta 14, ta 13 ta ɓace masa shekara da shekaru, babu inda zai same ta sai ranar taro, ya sunkuya a kan dogon kwali yana bi ɗaya bayan ɗaya. Kamar kasuwar ƙauye mai ci mako-mako ce: in ba ka je ranar ba, sai wani makon. Mu ma nan mun san wannan ƙishin. Mun taso mun tarar da yayyenmu suna musayar mujallar hotuna ta Lance Spearman, mu kuma muka bi Commando da Beano da Ikebe Super. Na sha takawa daga Tudun Wada har cikin gari a ƙasa saboda an ce wani mai jarida yana da fitowar da nake nema. Wani lokaci in tarar an riga ni. Wannan neman shi ne ya raya taron, shi ne kuma ya ciyar da dillali.

Abu biyu suka kashe neman. Na farko intanet. Tun da shafin saye da sayarwa na eBay ya fito a 1995, mai neman fitowa ta 13 yana zaune a ɗakinsa zai ga mutum ashirin suna sayar da ita, ya zaɓi mai sauƙi. Abin da ya rage wa dillalin taro shi ne ya ce, "Zo ka gani da idonka, kada ka yi cinikin biri a sama." Sai na biyu: a 2000 aka kafa wani kamfani mai suna CGC. Kana aika musu littafi, su duba bango, su duba launin takarda, su duba ko ƙarfen da ya ɗinke shi ya yi tsatsa, ko an yi masa gyaran ɓoye, su ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, su rufe shi a akwatin roba wanda ba a buɗewa sai an fasa. Daga nan mai saye ba ya buƙatar idon dillali ko rantsuwarsa, makin ya ishe shi. Ni dai wannan akwatin yana ba ni tausayi, domin littafin da ba a buɗewa ya tashi daga littafi. Amma kasuwa ba ta tambayi ra'ayina ba. Manyan kaya yanzu a gidajen gwanjo da waya ake cinikinsu.

Taron bai mutu ba, girma ma ya yi, sai dai ya canza masu gida. Da finafinan jarumai suka kama duniya, kamfanonin fim suka shigo. San Diego yanzu yana tara mutane sama da 130,000. Akwai wani zaure da ake kira Hall H mai ɗaukar kusan mutum 6,500, mutane suna kwana a layi don su ga 'yan fim na 'yan mintoci. Wanda ya biya tikiti, ya biya masauki, ya ɗinka kayan kwaikwayon jarumi, ya biya kuɗin ɗaukar hoto da ɗan fim, ya sayi 'yar tsanar Funko, nawa ya rage a aljihunsa in ya iso teburin tsofaffin littattafai? Ga kuɗin rumfa kullum hawa yake. Akwai wani babban shago na birnin Denver, Mile High Comics, wanda ya shafe sama da shekara 40 yana zuwa San Diego. A 2017 mai shagon, Chuck Rozanski, ya sanar ya daina. Mutumin da ke da rumbun littattafai na miliyoyi ke nan, ba mu masu kwali goma sha ba. Da korona ta zo a 2020 aka soke taron, dillalai suka koma tallar kai tsaye a bidiyo ta Facebook da Instagram, da yawansu kuma suka gane cewa ciniki yana tafiya ba tare da dako da kuɗin otal ba.

Namu na gida kuwa a cikin wannan sabon zamanin aka haife shi. Ayodele Elegba ya fara Lagos Comic Con a 2012. Bai taɓa zama kasuwar tsofaffin littattafai ba, kuma ba laifi ba ne. Masu zuwa matasa ne: masu son katun ɗin Japan, masu wasan kwamfuta, masu shigar jarumai, masu zane da ke neman wanda zai ɗauke su aiki, da kamfanonin gida irin su Comic Republic masu ƙirƙirar jaruman Afirka. Taron masu ƙirƙira ne da masu nishaɗi.

Na san haka ne domin na gwada. Wata shekara, kafin ka zo wurina, na loda kwali huɗu na tafi wani taro irin wannan a kudu. Mota ta bi ta Abuja da Lokoja, muka kwana a hanya. Na shimfiɗa kayana da kyau. Mutane sun zo, ba zan yi ƙarya ba, sun zo da yawa. Yaro zai ɗauka ya buɗe, ya ce babansa yana da irinsa, ya ɗauki hoto, ya ajiye, ya yi gaba. Na kusa da ni yana sayar da sitika da fosta da zoben makulli, hannunsa bai huta ba. Can gaba wata yarinya tana zana fuskar mutum nan take ta sa hannu, layinta bai yanke ba har yamma. Na dawo da kwali uku da rabi. Da na zauna na haɗa kuɗin mota zuwa da dawowa, da na dako, da na tebur, da masauki, da abinci, da kwanakin da shago ya yi a rufe, cinikin bai biya rabin wannan ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ma ba kuɗin ba ne. Littattafan sun dawo da lanƙwasa a gefe, da shatin yatsu, wasu sun sha danshi sun yi kumburi. Takardar kwamik takardar jarida ce, ba ta son tafiya, ba ta son gumi, ba ta son rana. Wanda ya bar Kaduna yana da daraja ya dawo ya zama na kilo. Babu wanda ya cuce ni. Ni ne na kai goro kasuwar da ake neman alewa.

Masu tarawa na gaskiya kuwa ka san su, domin kai kake kawo musu shayi. Dattijon nan mai ritaya da ke neman Commando mai labaran yaƙi, ba riba yake nema ba, barikin da ya taso a ciki yake nema. Malamar da ke zuwa daga Zariya tana tambayar tsofaffin mujallun barkwanci na Najeriya don bincikenta. Likitan Barnawa da ya ce duk Tintin da Asterix da suka shigo a kira shi kafin a fito da su. Ba su kai goma ba, amma su ne ke riƙe da wannan ɓangaren na shago. Ba su son hayaniya. Suna son su zauna, su buɗe a hankali, su ba ka labarin inda suka fara karanta shi. Hoto ɗaya a WhatsApp ya isa ya kawo su. Abin da suke saye a wurinmu shi ne mun san abin da kowannensu ya rasa, kuma ba mu ɓoye musu aibu. In shafi ya yage ka faɗa kafin ya gani. In bugun Ingila ne da aka maimaita, ba na asali na Amurka ba, ka nuna masa farashin fam ko peni da ke bango. Ranar da ka sayar wa ɗayansu maimaici da sunan asali, ka rasa shi ke nan, kuma zai gaya wa sauran.

Duk da haka ban ce kada ka je ba. Ka je, ni zan biya kuɗin mota, amma da jaka ɗaya, kuma ba za ka kama tebur ba a zuwan farko. Ka sa manga, wato kwamik ɗin Japan, kaɗan a ciki da katin shago. Ka zaga, ka tsaya kusa da teburan da ake ciniki ka ga nawa mutane suke iya fitarwa ba tare da sun yi tunani ba, domin nan ne farashin taro yake. Ka gaisa da masu zane, ka karɓi lambarsu, ka tambaye su inda suke buga aikinsu da irin takardar da suke amfani da ita. Ka nemi sarin littattafansu, ko guda biyar-biyar, mu gwada su a nan. Wannan ribar ƙafa ta fi abin da kwalaye huɗu za su kawo.

Akwai kuma abin da na daɗe ina son gaya maka. Ina ganin zanen da kake yi a bayan rasit in babu ciniki. A Tokyo akwai wani taro da ake kira Comiket, tun 1975 ake yin sa, dubban ɗaruruwan mutane ke zuwa, kuma yawancin masu tebur mutane ne da suka zana nasu, suka buga da kuɗinsu, suka zo suka zauna a bayansa. Abin da waya ba za ta kawo wa mutum ba ke nan, kuma shi na ga yarinyar nan tana sayarwa. Dubi kantarmu: littattafan Hausa na soyayya sun cika ta, mata suna saye, suna haya, suna musaya. Amma yaro ya shigo ya ce a ba shi labarin zane da Hausa, me zan miƙa masa? Ga Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu, ga Sarauniya Amina, ga Gizo da Ƙoƙi, ga labarin 'yan dambe da masu kokawa, ga rayuwar ɗan acaɓa a Kawo. Wannan yana damuna ƙwarai, domin shekara talatin ina sayar wa yaranmu jaruman wasu. Ka zana shafi 16, baƙi da fari, kada ka ce sai mai launi. Mu kai wa mai ɗab'i ya buga kwafi 100. Ba sai Legas ba: ga kasuwar baje koli ta ƙasa da ƙasa da ake yi a hanyar Zariya, ga bikin littattafai na KABAFEST da aka fara nan Kaduna a 2017, ga makarantu masu ranar baje koli. Kuɗin mota kaɗan ne, ka kwana a gida, in bai tafi ba mun ji dalili daga bakin yaran da kansu mu gyara.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri. Damina ta kusa, kwalayen nan suna ƙasa, kuma na ga alamar gara a bangon gabas. Za mu ɗora su a kan katako, mu ware na kilo daban, na dattijon daban, waɗanda ƙarfensu ya fara tsatsa mu fitar da su kafin su ɓata na kusa. Ka taho da zanen naka duka, har waɗanda kake ɓoyewa a ƙarƙashin kanta.