Ƙashi ya kama, baki ya ƙi buɗewa

Ɗana, jiya ka tambaye ni kan direban keken nan na Rigasa: sati shida da yi masa aikin karaya a muƙamuƙin ƙasa, hoto ya nuna ƙashi ya kama, amma yatsa ɗaya kaɗai ke shiga bakinsa. Kana tsoron ko aikin ne ya ɓaci.

Ba lallai ba. Dafa kuncinka ka cije haƙora. Tsokar da ta taso ɗin nan, da wadda ke motsi a saman kunne, da wasu can ciki da hannu ba ya kaiwa, su ke tauna. In aka ɗaure baki da waya sati huɗu zuwa shida, zaman banza suke yi, sai su rame su ƙage. Wanda aka sa wa ƙarfe da kusoshi yakan fara motsa baki da wuri, amma shi ma ƙarfin cizonsa kan ɗauki watanni kafin ya dawo.

Kada ka taɓa shi sai likitan da ya yi aikin ya ba da izini. Daga nan a gasa kunci da tsumma mai ɗumi, ya buɗe baki a hankali har ya ji ja, ba zafi ba, ya ɗan riƙe, sannan ya kai haɓa dama, hagu, gaba. A gaban madubi, don ya ga in tana karkacewa. Kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini ya fi dogon zama ɗaya. Ina sabon shiga na taɓa ɓanɓare bakin wani dattijo don gaggawa. Tsokar ta ƙara ɗaurewa, shi kuma sati biyu ban sake ganinsa ba.

In ya buɗe baki, auna da rula tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa, ka rubuta. Milimita 35 zuwa 40 muke nema, wato yatsunsa uku, nasa ba naka ba.

Abinci kuwa, kunu, fate, fura mai ruwa-ruwa. Ka ja kunnen 'yan dubiya, su ne masu shigo da tsire da kilishi don tausayi. Goro da rake su jira, sigari kuma yana hana ƙashi warkewa da wuri.

In haƙoransa ba sa haɗuwa kamar da, ko ka ga mugunya, ko kumburi da zazzaɓi, ko awon ya tsaya cak, musamman in karayar kusa da kunne take, mayar da shi wurin likita a ranar.