Me ya sa aka ce a sake wa Inna hoton ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta wayi gari hannunta ya yi nauyi, bakinta ya karkace, aka yi mata hoton MRI. Likita ya ce wani ɓangaren hoton bai fito daidai ba, sai an sake. Na'urar ce ta lalace?
Daga wata mai karatu, Mabera, Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Ba lallai laifin na'ura ba ne. MRI na'ura ce mai ɗaukar hoton cikin jiki da ƙarfin maganaɗisu. Idan ana zargin shanyewar ɓarin jiki, hoton da ake nema shi ne mai auna yawon ruwa a cikin ƙwaƙwalwa. Inda jini ya tsaya, ƙwayoyin wurin sukan kumbura su matse ruwan, sai wurin ya haska cikin mintuna, tun hoton CT (wani hoton cikin jiki da ake ɗauka da X-ray) bai nuna komai ba.

Irin wannan hoto da gaggawa ake ɗaukarsa, da wata dabarar ɗauka cikin sauri mai suna EPI, wadda Peter Mansfield na Ingila ya fito da ita a 1977. Gaggawar nan ita ce rauninsa. Kusa da kogon hanci da kunne, inda iska ke haɗuwa da nama, maganaɗisun yakan hargitse, hoton ya miƙe ko ya tsuke kamar fuska a bayan cokali. A 2003 masana suka wallafa maganin da ya fi burge ni: a ɗauka sau biyu ta fuskoki masu adawa, karkacewar ta juya, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da siffar gaskiya.

Irin wannan hoton na yau da kullum yakan bambance abu mai kusan milimita 2. Don a sauko ƙasa da milimita 1, sai a ɗauki kowane yanki kashi-kashi. Nan ma da wahala, domin ko bugun jini kan motsa ƙwaƙwalwa ya bar inuwa a hoton, shi ya sa ake auna motsin a kowane kashi a gyara.

Akwai naku aikin. A goge mata kwalli tas, a cire 'yan kunne da fil ɗin hijabi. In tana da haƙorin Makka a faɗa wa mai ɗaukar hoton, don zinariya zalla ba ta cika damu ba, amma wanda aka gauraya da wani ƙarfe yana ɓata hoto. Ki gaya mata tun a gida cewa na'urar tana da ƙara sosai, kada ta razana ta motsa kai. Don Allah kada ku jinkirta komawa, wannan ciwo ba ya jira.