Amsoshin Tambayoyinku: Kwanan Tanti a Bakin Tafkin Tsauni Tare da Kyanwa

Hutun ƙarshen shekara ya ƙarato, kuma saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi. Jama'a sun ga bidiyon Turawa a TikTok da Instagram, mutum ya goya kyanwarsa ya hau dutse, ya kafa tanti a bakin tafki, sai sha'awa ta motsa. Mafi yawa tambayarsu ita ce me za su saya. Ga waɗanda na zaɓa.

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Jos. Ni da yayyena muna son zuwa tafkin nan na kan dutse da ke Ampang, wajen Kerang, mu kwana biyu a tanti. Ina da mage, shekararta ɗaya da rabi, tun tana jaririya nake rainonta, ba na iya barinta a gida. Na ga jakar goyo mai tagar gilashi a intanet, na kuma ga akwatin roba. Wanne zan saya? Wallahi har barci ba na iyawa don tunanin kada ta ɓace mini.

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki. Da kika tsaya tambaya tun kafin ranar tafiya, kin yi mata gata.

Sayi akwatin roba mai ƙofar ƙarfe, wanda ke da ramukan iska ta ɓangarori uku. Jakar nan mai taga don idon mai kallo aka yi ta. Hujojinta kaɗan ne, kuma kin san ranar tudun Jos, ko iska na sanyi, tsakar rana ƙuna take yi. Da ta bugi robar tagar, cikin jakar ya ɗau zafi. Kyanwa ba ta gumi irin namu, sai ɗan abin da ba a rasa ba ta tafin ƙafa. Duk sanda kika ga ta buɗe baki tana haki, to ta galabaita, a nemi inuwa da ruwa nan take. Sannan kyanwar da ta tsorata ɓuya take so, ke kuwa kin saka ta a inda duk wani kare da babur suke tunkaro fuskarta. In kuɗin akwatin ya fi ƙarfinki, kwandon roba biyu masu kauri, a kifa ɗaya kan ɗaya a ɗaure bakin ta ko'ina da igiya, sun fi jakar aminci.

Abu na biyu ɗamara ce mai zagaye ƙirji da kafaɗu, wadda za ki saƙala wa igiya. Kada a ɗaura mata igiya a wuya. Ki matse ɗamarar yadda yatsanki ɗaya kawai zai shige. Ki fara sa mata a ɗaki, minti biyar yau, goma gobe, sannan tsakar gida, har tsawon mako uku ko huɗu. Ki lura da wannan: mage in ta firgita baya take ja, sai ta zare kanta daga ɗamarar. Saboda haka kada ki tsaya gabanta kina janta, ki koma bayanta ki sassauta igiyar. In ta kuɓuce a daji ba za ta amsa kira kamar kare ba, kogon dutse za ta shige ta yi shiru ko kina taku biyar daga gare ta.

Maganar kwana kuwa, ba zan ɓoye miki ba, ban yarda da ita ba. Ampang a ƙaramar hukumar Mangu take, kuma kin fi ni sanin hare-haren da yankin ya gani a 2023, har aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Janairun 2024. Ku tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a makon tafiyar, ku gaida mai unguwa, ku ɗauki ɗan gari ya yi muku jagora, ku tafi da sassafe ku dawo Jos kafin magariba.

Tambaya: Anti, ina zan samu tabarau da ƙananan takalma na muzuruna, da riga kalar tawa, don hotunan bakin tafki su fito?

Amsa: Ƙanena, ba zan taya ka neman wannan ba. Takalmi zai hana shi kafa farce a kan dutse, tabarau zai toshe masa gani a wurin da bai sani ba. Cikin saƙonka babu kalma ɗaya a kan abincinsa ko rigakafinsa. Karanta amsar da ke biye.

Tambaya: Salamu alaikum. Ni magidanci ne a Kano, zan kai iyali Mambila, yara sun kafe sai an tafi da kyanwarsu. An ce akwai kaska sosai a ciyawar can. Wani mai sayar da magungunan dabbobi a kasuwa ya tsiyaya mini wani ruwa a kwalba, ya ce shi ake wanke shanu da karnuka, in surka in shafa mata. Ya isa?

Amsa: Malam, don Allah ka mayar masa da kwalbarsa, kada ko ɗigo ya taɓa ta. A nan zan daɗe, domin wannan shi ne abin da ke kashe kyanwoyi a gidajenmu, a ce maye ne ko sammu.

Hantar kyanwa ba irin ta kare ba ce, ba irin ta saniya ba ce. Akwai sinadaran da jikin kare ke narkarwa ya fitar, amma a jikinta taruwa suke yi. Babba cikinsu shi ne permethrin, wanda ke cikin magungunan kaska da ƙuma na karnuka da yawa. Ruwan wankan shanu kuma galibi cypermethrin ne ko amitraz, duka biyun guba ne gare ta. Kuma ka san halinta, duk abin da ya taɓa gashinta sai ta lashe. Cikin 'yan awoyi za ka ga miyau na dalala, kunne da fatar baya suna karkarwa, sannan jijjiga. A kan hanyar Gembu, babban garin Mambila, ina za ka sami likitan dabbobi da tsakar dare?

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kwalbar kanta. Ba suna, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, ba adadin da za a surka. Ko mai sayarwar bai san abin da ke ciki ba sai abin da wanda ya sayar masa ya faɗa. Mutum zai kashe kuɗin man mota daga Kano zuwa Jalingo zuwa Serti, zai biya masauki, zai sayi tsaraba, amma kuɗin ganin likita da bai kai na kaza biyu ba shi ne zai tsaya yana ciniki, ya ƙare a hannun mai tsiyaye. Masu kwali ma ba duka ne na gaske ba. Duba rubutun ko ya dushe, ko an liƙa sabuwar ranar lalacewa a kan tsohuwa, ko lambar da ke kwali ta saɓa da ta jikin maganin. In farashin ya faɗi ƙasa da rabin na asibitin dabbobi, ka tambayi kanka wa ya yafe maka ragowar. Abin da kake nema shi ne maganin da aka rubuta ƙarara na kyanwa ne, kamar mai sinadarin fipronil, ana ɗiga shi a ƙeya inda harshenta ba ya kaiwa, gwargwadon nauyinta.

Haka fiya-fiya da Sniper. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da irin waɗannan magungunan gona a kasuwanni da kantunan unguwa, amma har yau ana yayyafa su a ɗaki don sauro. A cikin tanti, inda kyanwa ke kwance hancinta a ƙasa, wannan kisa ne. Haka farasitamol. Uwa za ta ga kyanwar yara ta yi laushi, ta ɓallo rabin ƙwaya cikin tausayi. Wannan rabin ya isa ya lalata jininta, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura. Ka gaya wa maiɗakinka, ka gaya wa yaran.

Sai rigakafin ciwon haukan kare. A can za ku haɗu da karnukan makiyaya da na mafarauta, ga jemagu, kuma cutar nan in alamunta suka bayyana kusan ba a tashi, dabba ko mutum. A yi mata allurar aƙalla mako uku kafin tafiya. Ita wannan allurar sanyi take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wadda ta yini a kan tebur a zafin Kano, ko ta kwana uku a firjin da ba wuta, tana iya rasa ƙarfinta ko da ta gaske ce. Je asibitin dabbobi na gwamnatin jiha, ko na koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ka ga an ciro ta daga sanyi da idonka, a ba ka kati mai hatimi da lambar allurar.

In tsautsayi ya riga ya faɗa an shafa mata irin wancan ruwan, a wanke ta da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun wanke kwanuka, a tsane ta a naɗe da tawul, a nufi likita da kwalbar a hannu. Kada a ɗura mata manja ko madara, shaƙewa za ta yi.

Tambaya: Anti, maigidana ya ce mu sayi tanti na gwanjo, ni kuma na ga sabo mai araha. Mambila za mu. Kuma kurfoti zai wadatar don ɗumama ciki da dare?

Amsa: Hajiya, a wannan maigidanki ya fi ki gaskiya. Gwanjo mai kyau ya fi sabon da aka yi don wasan yara a tsakar gida. Amma a kafa shi gaban mai sayarwa, a ƙirga sandunan, a ja zif sama da ƙasa sau da yawa, a watsa masa bokitin ruwa a ga ko ɗinkin na yoyo. Ki nemi mai rufi biyu da ƙasa a haɗe. Tudun Mambila ya kai kimanin mita 1,600, raɓa da hazo kaɗai sun isa su jiƙa bargo, ruwan sama kuma yakan daɗe bai ɗauke ba, don haka Disamba zuwa Fabrairu ne lokacinku.

Kurfoti kuwa, a'a. Gawayi yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke kashe iyali guda in an kwana da janareta a gida. Kada garwashi ya shiga tanti ko ya yi kamar ya mutu. Bargo biyu, safa, hular sanyi, da tabarma mai kauri a ƙasa. In da kyanwa za ku, ta kwana cikin akwatinta a rufe, da tsohuwar rigarki a ciki, don farcenta zai keta ragar tanti cikin daƙiƙa. Ku ɗebo yashin da ta saba yin bayan gida a ciki daga gida. Kafin hawan tudun da ke farawa daga garin Mayo Selbe, mai kwana-kwana, a bar cikinta ba abinci na 'yan awoyi saboda amai.

Tambaya: Daga Yola nake. Ina son in tsallaka Kamaru da kyanwata, in ga tafkin Tison a Ngaundere, daga nan in wuce tafkin Nyos. Me zan tanada?

Amsa: Tison yana dab da gari, je ka yini ka dawo masauki, ga 'yan uwa Hausawa da Fulani birjik a Ngaundere. Ka tanadi fasfo, don Kamaru ba ta cikin ECOWAS, da katin rigakafin shawara naka, da katin rigakafinta, da takardar shaidar lafiya daga likitan dabbobi na gwamnati.

Nyos kuwa ka cire shi. Yana yankin Arewa maso Yammacin Kamaru, inda ake faɗa da 'yan aware tun 2017. Tafki ne a bakin tsohon dutse mai aman wuta, kuma a daren 21 ga Agustan 1986 ya saki iskar da ta taru a ƙarƙashinsa, ta gangara kwari ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi wajen 3,500. Kafin nan, a 1984, tafkin Monoun, shi ma a Kamaru, ya yi irin haka, mutum 37 suka rasu. Tun 2001 aka fara kafa bututun rage iskar a Nyos, haɗarin ya ragu, amma ba wurin shimfiɗa tabarma a kwana ba ne. Ko a wane tafki, kada kai ko ita ku sha ruwansa, musamman mai gansakuka. Kai ma kada ka yi wanka a ruwan da ke kwance, saboda tsargiya.

Tambaya: Anti, kyanwar marigayiya mahaifiyata ce, ta haura shekara 11, ba ta taɓa fita ƙofar gida ba. Abokai sun gayyace ni kwana uku a duwatsun Shere da ke kusa da Jos. In na bar ta ina jin kamar na ci amana.

Amsa: Allah ya ji ƙan Mama, ya sa ta huta. Ɗana, ba ka ci amana ba, barinta a gida shi ne riƙon amanar. Kyanwa da wuri take shaƙuwa, ta san kowane lungu na gidan nan da ƙamshinsa, kuma a shekarunta ƙoda da gaɓoɓi ba sa jure sanyin dutse da jijjigar mota. Abin da addini ya yi mana kashedi a kai shi ne a kulle ta ba ci ba sha, ba kuma a sake ta ta nema ba.

Kuɗin da za ka kashe a akwati da ɗamara, ka ba wani amintacce cikin dangi ko maƙwabta ya riƙa leƙowa safe da yamma. Ka auna masa abincin kowace rana a leda daban, irin wanda ta saba, ka gargaɗe shi ban da kilishi da romon miya, don albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa. Kwanon ruwa biyu a wurare daban, ko ɗaya ya kife. Ka bar masa lambar likitan dabbobi da ɗan kuɗin mota, ka ce ya kira ka in ta yini guda ba ta ci ba.