An ce ramin ƙashin bayan mahaifina milimita 11 ne, shin zai shanye?

Tambaya daga wata mai karatu a unguwar Birni, Damagaram: "Likita, mahaifina ya haura shekara 60, ƙugu na damunsa. An yi masa hoton sikana, takarda ta ce faɗin ramin ƙashin baya a L4-L5 milimita 11 ne. Maƙwabta sun ce ƙafafunsa za su mutu, barci ya ƙaurace mini. Nawa ne awon mai lafiya?"

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Ki kwantar da hankalinki, milimita 11 ba hukuncin shanyewa ba ne.

Ana auna ramin, wato hanyar da laka da jijiyoyi ke bi a cikin ƙashin baya, daga gaba zuwa baya, a tsakiyarsa. A babban mutum yakan kama daga milimita 15 zuwa wajen 25. Ƙasa da 12 an fara matsewa, ƙasa da 10 matsi ne sosai. Likitan tiyatar jijiya ɗan ƙasar Holan, Henk Verbiest, shi ya kafa waɗannan iyakoki. A hoton IRM (wato MRI, hoton na'urar maganaɗisu) kuma akan auna faɗin jakar da jijiyoyi ke ciki: ƙasa da murabba'in milimita 100 matsi ne, ƙasa da 75 ya tsananta. L4-L5 kuwa, wato tsakanin ƙashin ƙugu na huɗu da na biyar, nan ne matsin tsufa ya fi sauka. Laka kanta ta ƙare tun can sama, wajen L1-L2. Abin da ke ƙasa saiwoyin jijiya ne, sun fi ta jure matsi a hankali.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka mayar da lambar takarda ita ce cutar. Akwai tsofaffi da yawa da raminsu ya matse a hoto, suna zuwa gona lafiya lau. Akwai kuma wanda hoton radiyo (X-ray) ya ce ƙashi ƙalau, alhali jijiya na shaƙe, domin radiyo ƙashi kaɗai yake nunawa, kuma yana ƙara wa awo girma. Ba ya ganin guringuntsin da ya turo, ba ya ganin jijiyar ɗauri mai ruwan ɗorawa da ta yi kauri ta cinye wuri. Ko IRM a kwance ake yin sa, ramin kuwa ya fi matsewa idan mutum ya miƙe tsaye. Sai mai lamba ƙarama ya ruga wurin maɗori a ja masa baya, ko wanzami ya yi masa ƙaho, ko mai tallar magani a tire ya sayar masa da ƙwayar da wai take buɗe ƙashi. Babu ƙwaya ko saiwar da ke faɗaɗa wannan rami, ko ɗaya. Shan maganin ciwo diklofenak na wata da watanni gyambon ciki da ciwon ƙoda yake jawowa. Deksametazon kuma sukari da hawan jini da lalacewar ƙashi. Mai hoton radiyo "mai kyau" shi kuma ya koma gida ya zauna da alamar da ba ta jira. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Ki tambayi Baba: tafiya nawa yake yi kafin ƙafafu su yi nauyi? Yana kai masallaci ba tare da ya tsaya ba? Idan ya zauna ko ya yi ruku'u, yana samun sauƙi? In haka ne, alamar matsi ce, kuma da yawa ana farawa da motsa jiki a hannun masu gashin ƙashi na asibiti, da rage ƙiba, da maganin da likita ya rubuta. Tiyata sai tafiya ta gagara ko ƙafa ta fara rauni.

Amma idan fitsari ya tsaya ko yana zuba bai sani ba, ko bayan gida ya kufce, ko ba ya jin ruwa a wajen tsarki, ko ƙafa ta fara ja da ƙasa, kada ku jira gari ya waye. Ku kai shi sashen gaggawa na babban asibitin ƙasa na Damagaram a ranar, ku riƙe hotunan kansu, ba takardar sakamako kaɗai ba.