Tun lokacin korona Baba bai koma majalisa ba

Tambaya: Likita, mahaifinmu yana da shekara 76, yana fama da hawan jini da ciwon suga. Tun kullen korona na 2020 muka hana shi zuwa masallaci da majalisar ƙofar gida, har ya saba da zaman ɗaki. Yanzu ba ya son magana, tuwo ma sai ya ɗan taɓa ya ture, ga mantuwa. Yayyena sun ce tsufa ne kawai, ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malama, gara da hankalinki bai kwanta ba. Hana shi fita a wancan lokacin ba laifi kuka yi ba, duk wanda ke Kano a watan Afrilun 2020 ya ga yadda dattawa suka riƙa rasuwa. Amma tun watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage matakin gaggawa kan cutar, ku kuwa kun bar Baba a kulle.

Wannan "tsufa ne kawai" ta ishe ni, kullum sai na ji ta a asibiti. Tsufa kan taɓa ido, ya taɓa kunne da gwiwa, amma ba ya hana mutum son hira. Dattijon da ya yi shekara da shekaru yana sahun gaba, ana kiransa ɗaurin aure da sasanci, sai ga shi daga tabarma sai rediyo, me zai hana ciwon damuwa kama shi? Ciwon kan zo wa tsofaffi da shiru, ƙin abinci da mantuwa, kuma yana jin magani. Maimakon asibiti sai a nufi kemis, a karɓo ƙwayar barci da wai maganin buɗe ciki. Ta barcin kan sa jiri, tsoho ya faɗi ya karya ƙugu. Na buɗe cikin kuwa, wani lokaci dexamethasone ne, mai hauhawar da suga. Wallahi abin na ƙona min rai.

Ku kai shi asibiti a auna sugan da jinin, a duba duk magungunan da yake sha, ki faɗa wa likita daidai yadda kika faɗa min. Sannan gobe wani jikansa ya riƙe masa hannu zuwa sallar La'asar. In gwiwa ta ƙi, a shimfiɗa tabarma a zaure, a aika wa abokansa biyu su zo shan shayi. Mai tari ko mura dai ya dakata sai ya warke.