Wa ya kamata ya taɓa saitin rabon lokacin furosesa?

Ɗana, ka ce wani mai shagon ɗab'i a nan Jidda ya matsa maka ka buɗe masa saitin da zai sa manhajar zanensa ta riga kowace hawa furosesa, kana tambaya ko daidai ne a bar wa mai kwamfuta wannan iko. Ka ba shi ikon jan wasu ayyukansa baya. Na tura aiki gaban kowa kuwa, ya zauna a hannun mai kula da na'urar.

A Linux kowane aiki yana da lambar fifiko da ake kira nice, daga -20 zuwa 19, yana farawa a kan 0. Kowa na iya ɗaga lambar aikinsa don ya sassauta, amma saukar da ita ƙasa da sifili sai root, wato asusun mai kula da na'urar. In ayyuka biyu na gasa, mataki ɗaya yana sauya rabonsu da kusan kashi 10 cikin ɗari. To idan matse bidiyo ko kwafar ajiya ne ke danne masa zane, ka tayar da wancan aikin da nice -n 15, zanen zai samu sarari ba tare da an taɓa shi ba.

Haɗarin yana wajen chrt -f, umarnin da ke ɗora aiki gaban duk ayyukan yau da kullum, mai matakai 1 zuwa 99. Aikin da aka ɗora a nan ba ya sakin furosesa sai ya tsaya da kansa ko wanda ya fi shi mataki ya zo. In manhajar ta maƙale tana juyi wuri ɗaya, sauran ayyuka sai jira. Shi ya sa aka ƙayyade wa irin waɗannan ayyuka 950000 cikin kowane 1000000 na maikurosakan, ɗan ragowar nan shi ne ƙofar da za ka shiga ka kashe ta. Wasu suna mayar da sched_rt_runtime_us, saitin da ke riƙe da wannan iyaka, zuwa -1, su toshe ƙofar. Kada ka yi. Haka Realtime yake a Task Manager na Windows: yana iya hana linzami da allon rubutu amsawa, har ya jinkirta rubutu a faifai. Iyakarka High, shi ma yana gogewa da zarar an rufe manhajar.

Mai naɗar sauti ne kaɗai nake ɗaga wa ƙafa, don yankewar sauti ba ta gyaruwa daga baya. Shi ma ta layin rtprio a limits.conf, fayil ɗin da ake ƙayyade ikon masu amfani a ciki, ga rukuninsa kawai.

Tsofaffin lambobin da ake yawo da su a intanet kuma ka rabu da su. A 2023, a Linux 6.6, sabon tsarin rabon lokacin furosesa mai suna EEVDF ya maye gurbin tsohon, CFS, wasu saitocin ma babu su yanzu.

Kafin duk wannan, ka buɗe top, umarnin da ke nuna nauyin da ke kan na'urar. In lambar "wa" (lokacin jiran faifai) ta yi sama ko swap (wurin da RAM ke malala a faifai) ya cika, ba furosesa ba ce matsalarsa: ka ƙara masa RAM, ko ka sauya tsohon faifan da SSD.