Amsoshin Tambayoyinku: Gyare-gyaren Cyberpunk 2077 da Iyakar Abin da Suke Magancewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi faifan Cyberpunk 2077 na hannu domin PlayStation 4 ɗina, amma tun da na fara buga shi ban ji daɗinsa ba. Motoci suna bayyana kwatsam a gabana, fuskokin mutane suna fitowa dishi-dishi kafin su daidaita, wani lokaci kuma wasan yakan rufe kansa ana tsakiyar faɗa. Abokaina sun ce in sauke sabuntawa, amma na ga za ta ci data mai yawa. Shin za ta magance matsalar? Daga wani makaranci a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka sauke ta, domin abin da ke cikin faifan nan shi ne wasan a mafi munin halin da ya taɓa shiga. Sai dai ya kamata ka san abin da datarka za ta saya maka da abin da ba za ta saya ba.

Kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya fitar da wasan ranar 10 ga Disamba, 2020, bayan mutane kimanin miliyan 8 sun biya kuɗinsa tun kafin ya fito. Wasa ne irin wanda mutum ke shiga rigar jarumi, a nan wani ɗan haya mai suna V, yana zaɓar abin da zai faɗa da hanyar da zai bi a cikin wani ƙagaggen birni da ake kira Night City. A kan kwamfuta mai ƙarfi wasan ya tafi daidai gwargwado, amma a kan PlayStation 4 da Xbox One, waɗanda aka fitar tun 2013, abin ya yi muni har kamfanin Sony, mai PlayStation, ya cire shi daga kasuwarsa ta intanet mako guda bayan fitowarsa, ya kuma mayar wa masu so kuɗinsu. Bai mayar da shi kasuwar ba sai a watan Yunin 2021.

Matsalolin da ka lissafa iri biyu ne, kuma rashin bambanta su ne ke sa mutane jin haushi bayan sun ƙona data. Iri na farko kuskure ne a rubutun manhajar: wasan ya rufe kansa, ƙofa ta ƙi buɗewa, wanda ya kamata ya ba ka aiki ya tsaya ƙiƙam hannuwa a miƙe, ko 'yan sanda su ɓullo a bayanka a ɗakin da ba shi da ƙofa. Wannan yana gyaruwa, kuma an gyara mafi yawansa. Gyara mai lamba 1.2 kaɗai, wanda ya fito a ƙarshen Maris 2021, ya zo da sauye-sauye fiye da 500, ciki har da yadda 'yan sanda ke isowa da yadda sitiyarin mota ke amsawa.

Iri na biyu nauyi ne da ya fi ƙarfin na'urar. Lokacin da kake gudu da mota a birnin, wasan yana ta janyo gine-gine da mutane da allunan talla daga faifan ajiya zuwa ma'ajiyar aiki ta na'urar, yana zubar da waɗanda ka wuce. Faifan ajiyar PlayStation 4 irin mai juyawa ne, ba ya iya miƙo kayan da saurin da motarka ke tafiya, shi ya sa mota ke bayyana a makare, fuska kuma ta fito babu kamanni. Marcin Iwiński, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin CD Projekt, ya ambaci wannan matsala ta janyo bayanai a tsofaffin na'urori a cikin bidiyon neman afuwa da ya fitar a Janairun 2021. Lamarin kamar a ɗora wa a-kori-kura lodin tirela ne: bakanike zai gyara birki ya ɗaure abin da ke karkarwa, amma motar ba za ta ƙara girma ba. Abin da masu gyaran suka iya yi shi ne rage lodin, wato rage cunkoson mutane da motoci a titi da tsara yadda ake amfani da ma'ajiya. Saboda haka bayan sabuntawar za ka samu wasan da ba ya yawan mutuwa, wanda za ka iya kai wa ƙarshen labarinsa, amma titunansa za su kasance da ƙarancin jama'a, kuma zai riƙa ɗan sarƙewa a wuraren hada-hada.

Jerin gyara mai lamba 1.6 na shekarar 2022 shi ne babban gyara na ƙarshe da na'urarka ta samu. Sabuntawa ta 2.0 da ƙarin labarin Phantom Liberty, waɗanda suka fito a Satumbar 2023, a lokacin an fitar da su ne ga PlayStation 5 da Xbox Series da kwamfuta kawai, ban da PlayStation 4. Kada ka yar da faifanka, domin idan Allah ya hore maka PlayStation 5 mai karɓar faifai, za ka iya sauke nau'in wasan na sabuwar na'ura kyauta da shi. Kafin ka fara saukewa, ka share abin da ba ka buƙata don a samu wadataccen wuri, ka kuma zaɓi lokacin da kake da tabbacin wuta, saboda ɗaukewar wuta yayin da na'ura ke girka gyara na iya lalata fayiloli.

TAMBAYA: Malam, me ya sa wani lokaci sai an ce an gyara wasa sannan wata sabuwar matsala take fitowa? Ni dai har na fara tsoron danna sabuntawa. Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Tsoronka yana da tushe, kuma wannan wasan da muke magana a kai ya ba da misali mai kyau. Gyara mai lamba 1.1, wanda ya fito a Janairun 2021 domin rage mutuwar wasan, ya zo da wata sabuwar tangarɗa a cikin ɗaya daga cikin manyan ayyukan labarin. Wani mai suna Takemura zai kira V a waya, hotonsa ya fito a kusurwar allo, amma ya yi shiru, kiran kuma ya ƙi yankewa. Tun da labarin ba ya ci gaba sai an yi wannan magana, mai wasa ya maƙale ke nan. Sai da kamfanin ya fitar da ƙaramin gyara na gaggawa, 1.11, kafin watan ya ƙare.

Dalilin yana cikin yadda ake gina irin waɗannan wasanni. Wasan yana riƙe da dubban alamomi game da kai: wa ka yi magana da shi, wa ka kashe, wane saƙo ka karanta, ƙarfe nawa ne a agogon birnin. Kowane aiki yana jiran wasu alamomi su cika kafin ya buɗe. Idan injiniya ya taɓa ƙa'idar kiran waya domin gyara wani wuri, yana iya karya wani aikin da ya dogara da tsohuwar ƙa'idar, musamman ga wanda ya fara aikin kafin gyaran ya ƙarasa shi bayansa. Masu gwaji na kamfani, komai yawansu, ba za su iya bin duk hanyoyin da miliyoyin mutane ke bi ba. Wannan bayani ne, ba uzuri ba. A ganina sayar da wasan ga masu tsofaffin na'urori a halin da yake a 2020 rashin adalci ne, kuma gyaran da ya biyo baya bai goge hakan ba.

Abin da zai kare ka shi ne ajiyar wasanka. Kada ka dogara da wadda wasan ke yi da kansa. Ka riƙa ajiyewa da hannunka a gurabe daban-daban, musamman kafin babban aiki, kuma a PlayStation 4 kana iya kwafe su zuwa filash. Akwai darasi a kan wannan: a makonnin farko, fayil ɗin ajiya a kwamfuta yakan lalace idan ya wuce megabait 8, abin da ya fi shafar masu tara kaya da ƙera makamai da yawa. Gyara na 1.06 ya cire wannan iyaka a Disambar 2020, amma bai farfaɗo da fayilolin da suka riga suka lalace ba. Jinkirta saukewa na kwana biyu ko uku don jin abin da wasu suka gani shi ma dabara ce mai kyau.

TAMBAYA: Ana cewa an inganta gudun wasa. Mene ne ainihin abin da ake aunawa? Daga wani mai gyaran kwamfuta a Maraɗi.

AMSA: Yawan hotunan da na'ura ke zanawa a kowane sakan ake aunawa. Hotuna 30 a sakan na nufin tana da kusan kashi 33 cikin dubu na sakan ta gama kowane hoto, hotuna 60 kuma rabin wannan lokaci. Daidaituwa ta fi yawa muhimmanci, domin wasan da ya tsaya a 30 ya fi wanda ke tsalle tsakanin 50 da 20 daɗin bugawa. Tun daga gyara na 1.5 na Fabrairun 2022, mai PlayStation 5 yana zaɓa tsakanin hotuna 60 da kuma 30 masu kyawun haske da inuwa. Ga masu kawo maka kwamfuta kuwa, ka sanar da su cewa daga sabuntawa ta 2.0 kamfanin ya sa faifan SSD, wato faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa, cikin mafi ƙarancin abin da ake buƙata.

TAMBAYA: Ƙanena yana da farfaɗiya, na kuma ji an ce wasan yana da walƙiya mai tayar da ita. An gyara? Shekarunsa 14. Daga wata 'yar'uwa a Kaduna.

AMSA: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Gaskiya ne, akwai wani sashe da V ke sanya wata na'ura a kai, fitilu ja da fari su riƙa walƙiya da sauri, kuma wata 'yar jarida a Amurka ta ba da rahoton cewa hakan ya tayar mata da ciwon. Kamfanin ya sauya wannan walƙiya a gyara na 1.04, jim kaɗan bayan fitowar wasan. Wanda ke buga faifai ba tare da sabuntawa ba yana iya cin karo da tsohuwar. Ko bayan gyaran, birnin cike yake da fitilu masu ƙyalli da harbe-harbe, don haka shawarar likitansa ce a gaba. Ban da wannan, hukumar tantance wasanni ta Turai ta ware shi ga 'yan shekara 18 zuwa sama saboda zubar da jini da tsiraici da munanan kalamai. Ina ba ki shawara ki hana shi, ki nema masa wani wasan da ya dace da shekarunsa.